Dan Allah masana, me ke canza kalar anko in na mayar da bidiyon HD kan faifan DVD?

Mai Kamara Babura

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Wata matsala ce ta sha mini kai na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace. Ni ɗaukar bidiyo nake yi, biki da suna da saukar karatu, a nan yankinmu na Babura, wani lokacin har Garki da Sule Tankarkar ana kirana. Sati biyu da suka wuce na ɗauki wani biki a wani ƙauye, tun daga kamu har kai amarya, kamarar tawa 1080 take ɗauka, wato HD, kuma hoto ya fita tas ba abin cewa. Ankon ƙawayen amarya atamfa ce koriya mai duhu da zanen fulawa ja a jiki, in na kunna a laftof wlh kamar ka miƙa hannu ka taɓa zanin.

Toh sai uwar amarya ta ce ita faifai take so guda 8, za ta raba wa dangi, kuma kakar amaryar DVD gare ta da 'yar talabijin irin mai ƙeya ɗin nan, ba ruwanta da wani memori ko fulash. Na jefa fayil ɗin cikin wata manhaja ta kyauta da na daɗe ina kwanbatin da ita, na zaɓi DVD na buga na kai musu. Ana kunnawa sai ga koren nan ya tashi ya yi shar kamar ɗanyen ganyen shinkafa a fadama, jan kuma ya yi duhu ya dushe, fuskar amarya ma ta ɗan sauya kamar wadda ta wuni a rana. Abin da ya fi ɗaure mini kai, farar shaddar ango da babbar rigar waliyyinsa ba abin da ya same su, suna nan yadda suke.

Hajiya ta dube ni a gaban mutane ta ce yaro wannan ai ba ankonmu ba ne, ko dai bikin wasu ka haɗo mana, aka yi ta dariya, ni dai ban ga abin dariya ba tunda cikon kuɗina yana hannunta har yanzu. Na san in an rage girman hoto dole ya rage fita, wannan ban musa ba, amma kala kuma me ya kai ta canzawa? Wanda ya san kan abin dan Allah ya taimaka, ina da wani bikin bayan sallah kuma su ma faifai suka ce.

Ɗan Gujungu

Wa alaikumus salam. Oga ni a ganina talabijin ɗinsu ce, kasan tsofaffin nan yara sun gama murɗa rimot, wani ya kai kala har ƙarshe ba wanda ya sani. Ka je ka rage musu kalar da kanka ka karɓi kuɗinka. Kuma tsakani da Allah wa yake faifai yanzu, ka tura musu a waya ta Xender kowa ya huta mana.

Mai Kamara Babura

Ɗan uwa ni ma abin da na fara zato kenan, amma na dawo da faifan na saka shi a laftof ɗina, na buɗe shi gefe guda na buɗe na asalin a ɗaya gefen, sikirin ɗaya fa, kuma bambancin yana nan ƙiri-ƙiri. Kaga ba za a ɗora wa talabijin ba. Maganar waya kuma, je ka gaya wa tsohuwa mai shekara kusan tamanin ta kalli bikin jikarta a tafin hannu ka ji amsar da za ta ba ka.

Injiniyan Kura

Malam Mai Kamara, da ka ce farar shadda ba ta canza ba ai ka riga ka faɗi sunan ciwon da bakinka. Kamararka lafiya lau, kuma ba rage girman hoton ne ya jawo ba. Ka yi haƙuri zan ɗan ja maganar, in ka gane ta sau ɗaya ka huta har abada.

Bidiyo ba ya ajiye ja da kore da shuɗi kai tsaye yadda muke zato. Kowane ɗigo na hoton lamba uku yake da ita, ɗaya ta haske, biyu na kala. Ita lambar hasken haɗa ta ake yi, a ɗebo wani kaso daga ja, wani daga kore, wani daga shuɗi. Toh a nan gizo ke saƙar, domin ƙa'idar haɗin kala biyu ce ba ɗaya ba. Tsohuwar ita ake kira BT.601, ta fito a 1982, ita ce ta ƙaramin bidiyo irin na DVD da VCD, kuma lambobinta ma gado ta yi daga talabijin mai kala ta Amurka ta 1953. A wajenta haske shi ne ja kashi 30, kore kashi 59, shuɗi kashi 11 cikin ɗari. Sabuwar BT.709 ce, ta 1990, ita ce ta HD, a wajenta ja kashi 21 ne, kore 72, shuɗi 7. In kana son lambobin cif, 0.299 da 0.587 da 0.114 na tsohuwar, 0.2126 da 0.7152 da 0.0722 na sabuwar.

Kamararka ta rubuta lambobinta da lissafin 709. Manhajar da ka yi aiki da ita ta matse hoton daga 1920 da 1080 ta mai da shi 720 da 576, amma lambobin kalar ta bar su yadda ta same su. Shi kuma DVD da ya ɗauka sai ya warware su da lissafin 601 tunda shi ya sani. Kamar ka auno gero da tiyar kasuwarku ne ka kai wata kasuwar da tiyarsu ba ɗaya ba ce da taku, geron ba wanda ya taɓa shi amma awo ba zai fita daidai ba. In aka karanta 709 da 601 abin da ke faruwa shi ne wanda ka gani sak, kore ya ƙara haske ya yi shar, ja ya yi duhu, ruwan ɗorawa ya ɗan karkata wajen kore, fatar mutum ta ɗan sauya. Fari da baƙi da ruwan toka kuwa ba ruwansu, saboda a cikinsu ja da kore da shuɗi kai ɗaya suke, ko ka raba 30 da 59 da 11 ko ka raba 21 da 72 da 7 duk ɗari za ta ba ka. Shi ya sa ango ya tsira ƙawayen amarya suka shiga uku.

Gyaran shi ne a sake lissafin lambobin a lokacin da ake rage girman. Da farko ka sauke MediaInfo, kyauta ce kuma ba ta da nauyi ko da datar ka kaɗan ce, ka buɗe fayil ɗin asali da ita ka nemi layin da aka rubuta Matrix coefficients, za ka ga BT.709. Sannan ka samo ffmpeg, ita ma kyauta ce sai dai ba ta da maɓallai, rubutu ake mata. Ga abin da za ka rubuta a layi ɗaya:

ffmpeg -i biki.mp4 -target pal-dvd -vf "scale=720:576:in_color_matrix=bt709:out_color_matrix=bt601:out_range=tv" -aspect 16:9 -colorspace bt470bg biki.mpg

Inda aka ce bt709 da bt601 nan ne ainihin aikin yake. Wancan bt470bg na ƙarshe tambari ne kawai da ake manna wa fayil don mai karantawa ya san da wane awo aka auna. Ka kula da wannan sosai, don na ga mutane da yawa suna canza tambarin kaɗai su ce sun gyara, alhali rubutu suka canza a jikin buhu, abin da ke ciki yana nan. Kuma mafi yawan na'urorin DVD na gida ba sa ma duba tambarin, 601 suke ɗauka kai tsaye. Manhajojin kallo na kwamfuta da yawa su ma in ba su ga tambari ba kintace suke yi da girman hoto, babba su ce 709, ƙarami su ce 601.

Da ka samu biki.mpg ɗin sai ka kai shi manhajar da ke haɗa faifai da menu, irin DVDStyler, amma ka nemi wajen da ake ce mata kar ta sake kwanbatin ta bar shi yadda yake, in ba haka ba za ta sake niƙa shi hoton ya ƙara lalacewa a banza. Shi kuma 16:9 ɗin nan kar ka cire shi, in faifai ya fita ba wannan shaidar za ka ga mutane sun rame sun yi tsawo kamar karan dawa, domin 720 da 576 ba faɗin HD gare shi ba, na'urar ce ke miƙe hoton in ta ga wannan shaidar.

Wani sauƙi da muka samu, mu nan tsarin talabijin na PAL muke bi, kuma asalin ja da shuɗin PAL ɗaya ne da na HD, koren ne kawai ya ɗan gota kaɗan wanda ido ba zai kama ba. Da NTSC ce ta Amurka da sai an ƙara wani gyaran a kai. Don haka wannan lissafin kawai ka gyara ya ishe ka.

Baba Mai Bidiyo Maigatari

Allah ya yi maka albarka Injiniya, ka yi bayani. Mu da muka fara wannan sana'a da kaset na VHS a kafaɗa ba mu san wata lamba ba, da ido muke aiki, amma ko a lokacin mun san kala ba ta da amana. Mu nan bakin iyaka in muka kamo tashar Nijar a talabijin ɗin da aka yi don Najeriya hoto baƙi da fari yake zuwa, sai daga baya muka gane su tsarin Faransa suke bi mai suna SECAM mu kuma PAL. Wato rigimar tsari da tsari ta girmi yawancinku.

Yaro abin da zan ƙara maka biyu ne ko uku. Na farko, ko ka gyara lissafin nan kar ka je ka yi wa Hajiya alkawarin faifai zai fito kamar laftof, ba zai fito ba. A cikin DVD kala rabin girman hoton take samu a tsaye da kwance, wato in hoto 720 da 576 ne ita kalar 360 da 288 ce, ƙananan fulawoyin nan ja da ke jikin atamfa dole su ɗan caɓe a gefe. Sannan ga wayar nan mai kai uku, fari da ja na sauti, mai ruwan ɗorawa ta hoto, ita wannan ɗin haske da kala duk a igiya ɗaya take cusa su, shi ya sa ja yake zuba kamar an jiƙa shi. Wannan ba laifinka ba ne kuma ba ka da maganinsa, sai dai in na'urar da talabijin ɗin suna da HDMI ko ramukan nan uku kore da shuɗi da ja, wanda na tabbata ta tsohuwa ba ta da su.

Na biyu, kar ka yi rowar faifai. Faifai ɗaya 4.7 GB ne, in ka cusa masa bikin awa uku don ka rage kashe kuɗi to hoton zai farfashe, kuma wajen rawa da liƙi inda ake motsi da yawa nan zai fi tona maka asiri. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a faifai, in ya fi haka ka raba biyu ka gaya musu kuɗin faifai biyu ne tun kafin a fara.

Na uku, ka sa kamararka a hoto 25 ko 50 a sakan tun wajen ɗauka, kar ka bar ta a 30. Faifan PAL hoto 25 yake tafiya a sakan, in ka kawo 30 sai an zubar da biyar-biyar, tafiyar mutane ta dinga tsalle. In kuma ka ce bari ka buga NTSC don ka kauce wa wannan, wata tsohuwar talabijin ɗin za ta nuna maka shi ba kala gaba ɗaya, ka ga an gudu ba a tsira ba. Kuma wutarmu 50 take bugawa, ta NEPA da ta janareta in yana da lafiya, saboda haka 25 ya fi zama lafiya da ƙwan fitila, ba ya yawan kawo wannan ƙyaftawar.

Ni dai al'adata har na ajiye kamara, kafin in buga da yawa sai na buga guda ɗaya na ɗauka na je na gwada a irin talabijin ɗin da za a kalla. Ina da wata tsohuwa 14 inci a shago saboda haka kawai.

Tela Ringim

Ku yi haƙuri in sa baki duk da ba fannina ba ne, ni ɗinki nake yi. Ɗan Gujungu da kake ganin kamar abin wasa ne, wlh ba ka san mata da anko ba. Kafin a tsayar da atamfa ɗaya sai an yi sati ana jayayya, a je Kantin Kwari a dawo, a turo hoto a ce ba wannan koren ba wancan, wata ta ci bashi ta saya don kar a ce ba ta yi ba. Kuma sau da yawa ɓangaren ango da nasu ankon ɓangaren amarya da nasu, in aka yi rashin sa'a kalolin suna kusa da juna bidiyo ya zo ya gauraya su toh ka haɗa faɗa, don shekara goma nan gaba faifan za a ɗauko a ce ga abin da muka saka. Hajiya ba ta yi laifi ba da ta riƙe kuɗin, ni ma da ni ce haka zan yi, ka yi haƙuri ƙanena.

Shawarata ka roƙi ƙyallen atamfar wajen telan da ya ɗinka musu, ba a rasa ragowa, ka riƙe shi kusa da sikirin in kana gwadawa. Mu ma haka muke yi in za mu sayo zare, ba ma yarda da hoton waya, ƙyalle muke tafiya da shi kasuwa.

Mai Kamara Babura

Na gode ƙwarai Injiniya, Baba Allah ya ƙara girma, Anti Tela na karɓi faɗan kuma ƙyallen ma na samo. Amma fa an sake kwatawa. Jiya da daddare da aka tayar da injin mai cajin waya na kusa da mu na zauna na gwada, sai da na sha wahala kafin ffmpeg ta yarda ta tashi don ashe sai ka shiga cikin foldar da fayil ɗin yake. Na bikin ya fito daidai alhamdulillah, koren ya koma mazauninsa. Sai na ji daɗi na ce bari in bi sauran ayyukan da ke hannuna duka da wannan layin, na ɗauko na wata saukar karatu wanda abokin aikina ya riga ya yi editin ya fitar mini da shi a ƙaramin girma, na bi shi da shi. Toh shi kuma sai jajayen hulunan yaran suka koma kamar ruwan goro, koren allon makarantar ya yi duhu. Me na taɓa kuma?

Sannan akwai wani guntu da ƙanin ango ya ɗauka da iPhone wajen ɗaurin aure don ni ina ɓangaren mata a lokacin, suna so in saka a ciki, shi kuma tun kafin a je ga faifai ma a laftof ɗina fari-fari yake fitowa kamar an ɗauka cikin hazo.

Injiniyan Kura

Hahaha Malam ka ba mai lafiya magani. Wancan na saukar an riga an mayar da shi 601 tun wajen abokin aikinka, domin manyan manhajojin editin galibi suna yin wannan lissafin da kansu in ka ce su fitar da ƙaramin girma. Kai kuma ka zo ka ce wa ffmpeg 709 ne, ta yarda da kai ta sake juya shi, sai kuskuren ya fito ta bayan gida. Ka riƙe alamun nan biyu za su yi maka amfani. In kore ya yi shar ja ya yi duhu, ba a juya ba. In ja ya tafi wajen ruwan goro kore ya yi duhu, an juya sau biyu, ko kuma an karanta 601 da 709, irin abin da ke faruwa in mutum ya ɗauko tsohon faifai ya buɗa shi zuwa HD bai gyara ba. Wannan na saukar ka koma kan wanda ya ba ka, ka cire in_color_matrix da out_color_matrix ɗin gaba ɗaya. Kuma kullum ka fara daga fayil na asali, kar ka dinga kwanbatin abin da aka riga aka kwanbata, kowane zagaye sai ya ci wani abu daga hoton.

Maganar hazo kuma iri biyu ce, kar ka haɗa su. Akwai ta iyakar haske. Bidiyo na talabijin baƙinsa daga 16 yake farawa farinsa ya tsaya a 235, amma kwamfuta da wasu wayoyi da kamarori daga 0 suke yi har 255. In aka karanta mai 16 zuwa 235 kamar cikakke ne sai baƙi ya koma toka-toka hoto ya yi fari kamar ranar da buji ya taso. In kuma aka yi akasin haka sai baƙi ya cushe fari ya ƙone, kuma wannan ya fi yi mana illa mu, don fuskar baƙin mutum a inuwar rumfa sai ta ɓace, aikin da ke wuyan farar babbar riga shi ma ya shafe ya zama fari fat ba zane. A MediaInfo layin Color range zai gaya maka, Limited ko Full. In Full ne ka ƙara in_range=pc kafin out_range=tv ɗin nan da na sa maka.

Amma na iPhone ɗin nan ina kyautata zaton HDR ne. Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020 wayoyinsu da HDR suke ɗaukar bidiyo in ba mutum ya kashe ba, kuma shi wani tsari ne na uku, BT.2020, kalolinsa sun fi faɗi kuma yadda yake auna haske ma daban ne. Za ka gani a MediaInfo an rubuta BT.2020 da HLG. Wannan layin da na ba ka ba zai iya masa ba, sai an fara sauko da shi zuwa 709 tukuna. Hanya mafi sauƙi ka buɗe shi a manhajar HandBrake, cikin Filters akwai Colorspace, ka zaɓi BT.709 ka fitar da shi a girmansa, sannan ka haɗa shi da sauran a editin, a ƙarshe ka mayar da duka 601 sau ɗaya tak. Gaba kuma duk wanda zai taya ka ɗauka da waya ka karɓa ka shiga setin ɗin kamara ka kashe HDR ka sa ta a 25 in tana da shi. Kuma ka ce ya turo maka ta kebul ko Xender, in ta WhatsApp ne ya turo a matsayin dokumen, don in ya turo a matsayin bidiyo matse shi ake yi.

In kana son ka tabbatar ba da ido kawai ba, ka tsayar da na asali da na faifan a wuri ɗaya cikin VLC ka ɗauki hoton kowanne, ka buɗe a Paint ka ɗora abin tsinto kala a kan zanin mutum ɗaya ka duba lambobin ja da kore da shuɗi. In tazarar biyu ce ko uku ba komai, in ka ga goma ko fiye a kore toh da sauran aiki.

Ɗan Gujungu

Toh na janye maganata, ashe abin da lissafi a ciki. Amma duk da haka oga ka duba rimot ɗin tsohuwar nan, na rantse sai ka tarar an kai kala 100. Injiniya ni kuma tambayata, waɗanda muke tura wa mutane a memori don ƙananan wayoyi masu maɓalli, su ma sai an yi musu wannan juyin?

Injiniyan Kura

Eh, in dai ka rage shi ya koma ƙarami irin 640 da 360 ko ƙasa da haka gara ka juya shi zuwa 601 ka kuma manna tambarin, don wanda ke duba tambari zai karanta daidai, wanda ke kintace da girma shi ma zai faɗa daidai. Sai dai a sikirin ɗin waɗannan wayoyin ba lallai mai kallo ya lura ba.

Mai Kamara Babura

Na kai faifai ɗaya na gwaji yau da hantsi, aka tayar da janareta aka kunna a ɗakin tsohuwar, na ajiye ƙyallen a kan talabijin ɗin. Ɗan Gujungu ka ci rabin gari, kalar tana kan 85 na dawo da ita 50. Hajiya ta sa aka kira biyu daga cikin ƙawayen suka duba suka ce eh wannan ne, fulawar ce dai suka ce ba ta fito sosai ba na ce musu daga wayar nan mai kai uku ne kamar yadda Baba ya faɗa. Ta ba ni rabin cikon, sauran sai na kawo bakwai ɗin, kuma faifai 8 na farko asarata ce. Guntun iPhone ɗin ban saka ba tukuna, HandBrake ta ƙi sauka netwok ɗinmu sai a hankali, sai ranar Alhamis in na shiga Maigatari zan sauke. Baba in kana shago zan biyo in ga 14 incin nan.